Babi na Shida: Funke Opeke da Wayar da ta Ratso Teku

Ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, kwana huɗu da ɗaukar azumi, mutane da dama a Najeriya sun yini suna zargin wayoyinsu. Wannan ya kashe tasa ya kunna, wancan ya zare layi ya goge da gefen riga ya mayar. Manhajojin wasu bankuna suka ƙi buɗewa. Mai sayen kayan buɗa-baki na tsaye gaban kanti yana nuna fuskar waya yana rantsuwa ya tura kuɗi, mai kanti kuwa ya ce shi dai bai ga alat ba. Masu POS suka yi ta girgiza kai, amsarsu ɗaya ce ga kowa: babu natwok.

Cutar ba a Kano take ba, ba ma a Legas ba. Can a ƙasan teku, daura da gaɓar Kwaddibuwa, manyan wayoyi huɗu da ke haɗa Afirka ta Yamma da sauran duniya ne suka katse kusan a lokaci guda: WACS da ACE da SAT-3 da MainOne. Binciken farko ya ɗora laifin a kan zaftarewar ƙasa a cikin ruwa. Kwaddibuwa da Laberiya da Benin da Ghana sun fi kowa jin jiki. Gyaran ya ci makonni, domin jiragen ruwan da ke irin wannan aiki ba su da yawa a duniya, kuma daga nesa suke tasowa. Ta MainOne ba ta dawo aiki ba sai cikin watan Mayu.

Uku daga cikin wayoyin nan haɗin gwiwar manyan kamfanonin sadarwa ne na ƙasashe daban-daban, waɗanda suka yi karo-karo suka shimfiɗa. Ta huɗun kuwa daga kan mace guda ta fito, injiniya ’yar Najeriya da ta dawo gida bayan shekara ashirin a Amurka, ta zuba abin da ta tara wajen binciken ko abin zai yiwu, sannan ta bi ofis-ofis har ta haɗa dala miliyan 240. Sunanta Funke Opeke.

A Ibadan ta tashi, garin da Hausawa ke kira Badun, amma tushen gidansu Ile-Oluji ne a jihar Ondo ta yanzu, ƙasar noman koko. Mahaifinta masanin aikin gona ne, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Cibiyar Binciken Koko ta Ƙasa, mahaifiyarta kuma malamar makaranta. Ta yi sakandare a Queen’s School, makarantar ’yan mata da ke Ibadan, ta wuce Jami’ar Ife, wadda yanzu ke amsa sunan Obafemi Awolowo, ta karanci injiniyancin lantarki ta gama a 1981. Daga nan ta haye Amurka, ta yi digiri na biyu a Jami’ar Columbia da ke New York, ta kammala a 1984.

Ta faɗa harkar sadarwar Amurka a daidai lokacin da ake yi mata garambawul. A ranar farko ta 1984 aka raba AT&T, kamfanin da ya yi shekaru yana riƙe da kusan dukkan wayoyin tarhon ƙasar, aka yanka shi gunduwa-gunduwa. A 1996 kuma aka yi dokar da ta tilasta wa manyan kamfanonin da suka gaji layukan su buɗe su ga ƙananan abokan gasa, su ba su haya. Funke ta yi aiki a wurare daban-daban cikin wannan guguwa, har ta kai matsayin babbar darakta a Verizon, ɗaya daga cikin jikokin AT&T, a sashen da ke sayar da hanyoyin sadarwa ga wasu kamfanoni.

Wannan sashe ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan sirrin abin da ta yi daga baya yake. Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san bambancin mai sari da mai sayar da yadi ɗai-ɗai. Mai sari ba ya tsayawa ciniki da matar da ta zo sayen turmi guda. Shi dila yake saukewa, ya raba wa masu shaguna, kuma ribarsa tana cikin yawan waɗanda ke ɗauka a wurinsa, ko da kuwa su kansu kishiyoyin juna ne a layi ɗaya. A harkar sadarwa ma haka ne. Mai babbar waya yana iya rufe ta ya ce sai abokan cinikinsa kaɗai, yana kuma iya buɗe ta ga duk kamfanin da ya zo da kuɗinsa. Funke a makarantar masu buɗewa ta yi karatu.

A 2005 ta dawo gida a matsayin shugabar sashen fasaha ta MTN Najeriya. Ƙasar da ta tarar tana cikin zazzaɓin wayar hannu. Kafin 2001, layukan tarho da NITEL, kamfanin tarhon gwamnati, ke da su a faɗin ƙasa ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100. Samun layi a gida sai mai uwa a gindin murhu. A Janairun 2001 gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma cikin shekara huɗu layuka suka haura miliyan 10. Laima da tebur da wayar kuɗi suka cika bakin tituna.

Magana dai ta samu. Intanet ne ya rage a baya. Wanda ya yi zamanin kafe zai tuna: faifan tauraron ɗan’adam a kan rufi, janareta na ruri a waje, a ciki kwamfutoci goma suna rabon ɗan abin da a yau wayar mutum guda za ta raina. Ɗalibi ya sayi katin kankarewa ya biya kuɗin awa guda don duba sakamakon jarrabawa, rabin awar ta tafi yana kallon shafi na saukowa layi-layi. Masu dabara kan sayi tikitin kwana, su raba dare a kafe, don a lokacin ne layin ke ɗan numfasawa.

Abin haushin shi ne, akwai waya a bakin teku. SAT-3 ta fara aiki a 2002, ta taso daga Fotugal ta bi gaɓar Afirka har Afirka ta Kudu, ta yada zango a Legas. Sai dai a kowace ƙasa kamfanin tarhon gwamnati ne ke riƙe da makullinta, a Najeriya kuwa NITEL ne. Mai makulli shi kaɗai ba ya gaggawa, ba ya kuma ragi. Megabit guda, ma’aunin da yau ake raba wa gida ɗaya ninkinsa da yawa, ana sayar da shi dubban daloli a wata. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kamfanoni da bankuna da jami’o’i suka gwammace su ci gaba da biyan tauraron ɗan’adam mai tsada da jinkiri.

Funke ba ta daɗe a MTN ba. A 2006, lokacin da gwamnati ta sayar wa kamfanin Transcorp kaso mafi rinjaye na NITEL, tana cikin waɗanda suka ba da shawara a cinikin, har ta riƙe kujerar mai kula da ayyukan kamfanin na ɗan lokaci. Wannan zama ma bai yi tsawo ba, kuma NITEL bai farfaɗo ba. Gwamnati ta ƙwace shi daga Transcorp a 2009, daga bisani aka yi gwanjon abin da ya saura. Amma ta fita da abin da ba a samu daga waje. Ta ga SAT-3 daga ciki, ta san nawa ake buƙata, nawa ake samu, da inda abin ke maƙalewa.

A 2008 ta kafa kamfaninta, Main Street Technologies, wanda ya haifi MainOne. Shirin a takarda gajere ne: a ja sabuwar waya mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Accra da Legas, ba ta gwamnati ba, ba ta wani kamfanin wayar hannu ba, a sayar da sari ga duk mai so. Ba a taɓa yin haka a Afirka ta Yamma ba.

Lokacin da ta zaɓa kuwa ya fi kowanne muni ga mai neman bashi. A watan Satumbar 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe a New York, kasuwannin kuɗi na duniya suka ɗinke aljihu. Kasuwar hannun jarin Legas ta rufta, kuma a 2009 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya tsige shugabannin bankuna da dama saboda basussukan da suka ruɓe. A cikin wannan hali mace da ba ta da kamfanin waya, ba ta da rijiyar mai, take neman a ba ta miliyoyin daloli ta zuba a ruwa. Kuma a zahiri cikin ruwan za a zuba su. Ga shi a lokaci guda attajiri Mike Adenuga, mai kamfanin Glo, yana jan tasa wayar, Glo-1, daga Ingila zuwa Legas, da aljihun da ya fi nata zurfi nesa ba kusa ba.

Abin da ya taimake ta, ban da lissafin da ta riƙe a hannu, shi ne mutanen da suka yarda su sa sunansu. Fola Adeola, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa bankin GTB, ya zama shugaban hukumar gudanarwar kamfanin. Africa Finance Corporation da ke Legas ta sa hannun jari, haka ma wani asusun gina ababen more rayuwa na Afirka da ke Afirka ta Kudu, da wasu bankunan Najeriya; Bankin Raya Afirka ya ba da rance. Mafi yawan jarin daga cikin nahiyar ya fito, abin da ba kasafai ake gani ba a aiki irin wannan. Kwangilar ƙerawa da shimfiɗawa kuma aka ba kamfanin Tyco na Amurka.

Tana tsaka da aikin sai ƙaddara ta yi mata talla kyauta. A watan Yulin 2009 reshen SAT-3 da ke sauka a Jamhuriyar Benin ya lalace. Najeriya ta rasa kusan kashi 70 cikin 100 na intanet ɗinta, domin da yawa daga masu sayarwa ta Kwatano suke zagayowa don kauce wa NITEL. Togo da Nijar, waɗanda su ma ta nan suke sha, suka faɗa duhu. Duk wanda ke tambayar amfanin waya ta biyu ya samu amsa a makon nan.

Mutane da yawa har yau sun ɗauka saƙonsu ta sama yake bi, ta tauraron ɗan’adam. Ba haka ba ne. Fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke ƙetare nahiyoyi ta ƙarƙashin ruwa suke wucewa. Saƙon murya da uwa ta aika daga Zariya zuwa ga ɗanta a Landan yana tashi daga wayarta zuwa turken sabis mafi kusa. Daga bisani sai ya shiga ƙasa, ya bi waya har Legas, ya nutsa teku.

Wayar kanta ba ta da wani kwarjini. A tsakiyar teku kaurinta bai wuce na tiyon ban-ruwa ba. A cikinta akwai zaruruwan gilashi, kowanne siririn gashin kai, waɗanda haske ke bi ta cikinsu yana walƙiya sau biliyoyi a daƙiƙa, kowace walƙiya tana ɗauke da guntun saƙo. An naɗe su da ƙarfe da jan ƙarfe da roba. Jan ƙarfen nan wutar lantarki yake kaiwa, domin haske yakan gaji a doguwar tafiya, sai an sa masa na’urorin ƙara ƙarfi a duk bayan ’yan gomman kilomita, su kuma daga tudu ake ciyar da su. Kafin a jefa ko taku ɗaya, sai wani jirgi ya bi hanyar ya auna ƙasan teku, a san inda duwatsu da kwazazzabai suke. Sannan a naɗe wayar cikin manyan rumbuna a cikin jirgin shimfiɗa, aikin da shi kaɗai yakan ci makonni, jirgin ya riƙa tafiyar hawainiya yana sakinta a baya. Inda ruwa ke da zurfi, kwantar da ita kawai ake yi. Kusa da gaɓa, inda anka da komar masunta ke yawan yi mata ɓarna, a ƙara mata sulke, a ja wata irin garma a ƙasan ruwa tana tsaga rami tana binne ta.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1886 Turawan mulkin mallaka suka haɗa Legas da Landan da wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku. Sabon abu shi ne wanda ya mallaka.

A watan Yulin 2010 MainOne ta fara aiki, a kan lokacin da aka ɗiba, kuma ta riga Glo-1 shiga kasuwa da ’yan watanni. WACS da ACE suka biyo baya a 2012. Farashin sari a Legas ya faɗi warwas, kamar yadda hatsi ke yi idan kaka ta yi kyau. An karrama Funke: tashar CNBC ta ba ta lambar gwarzuwar ’yar kasuwar Afirka a 2012, mujallar Forbes kuma ta sa ta cikin mata 50 da suka yi fice a fasaha a duniya a 2018.

Da a fim ne, a nan za a rubuta tammat. Amma a nan ne wahalar gaske ta soma, kuma wannan ɓangare ne ya fi shafar mai karatu a Katsina ko Maiduguri ko Maraɗi.

Lissafinta na farko shi ne, idan ta kawo kogi bakin gari, kamfanonin da ke cikin ƙasa za su zo da bututunsu su ɗiba su raba. Sai ta tarar bututun babu, ko kuwa yana hannun manyan kamfanonin wayar hannu da suka shimfiɗa don amfanin kansu, ba su kuma da niyyar ba wani haya da araha. Shekaru bayan saukar wayoyin, an sha ba da rahoton cewa abin da ake amfani da shi bai kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsu ba. Masu harkar suna da wata magana da suke yawan maimaitawa a taruka: ɗaukar intanet daga Legas zuwa Abuja ya fi tsada a kan ɗauko shi daga Landan zuwa Legas.

Dalilin ba ya buƙatar injiniya. A cikin teku babu gwamna, babu shugaban ƙaramar hukuma, babu ’yan tasha, babu mai katafila. A kan tudu kuwa duk mitar ramin da za a haƙa sai an biya kuɗin izinin hanya, kuma kowace jiha da nata farashin. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziƙin Ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka yi kunnen uwar shegu, suna karɓar dubbai. A lissafa: a kan naira 145, kilomita guda naira 145,000 ce. A kan naira 4,500, wadda jihar Ekiti ke karɓa kafin ta sauko, kilomita guda ta zama naira miliyan 4 da rabi, tun ba a sayi waya ba, ba a biya masu diga ba. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne. Idan an gama binnewa kuma, ɗan kwangilar gyaran titi ya zo ya tsinke ta da rana tsaka, ko ɓarayi su tone suna zaton jan ƙarfe ne, su tarar da gilashin da ba ya sayuwa.

Dole ta sa Funke ta sauya tsari. Kamfanin da aka kafa don sari ya shiga haƙa rami da kansa, ya kuma fara kai layi kai tsaye ga bankuna da kamfanoni da makarantu. Gwajin da ya fi yin suna shi ne na unguwar Yaba a Legas. Wasu matasa masu cibiyar ƙirƙira ta CcHub, ƙarƙashin Bosun Tijani, suka haɗa kai da MainOne, gwamnatin jihar Legas ta yafe kuɗin hanya, aka binne kilomita 27 na waya a unguwar. Cikin ’yan shekaru Yaba ta cika da ƙananan kamfanonin manhaja, har Mark Zuckerberg, mai Facebook, ya fara da can a ziyararsa ta Najeriya a watan Agustan 2016. Kilomita 27 kacal. Wanda ya dubi abin da wannan ɗan guntu ya haifar, ya kuma dubi yawan matasan da ke kewaye da Jami’ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A 2015 ta buɗe MDXi a Lekki, katafariyar cibiyar adana bayanai. Gini ne da ba shi da wani ado, cike da kwamfutoci jere cikin akwatunan ƙarfe, da sanyi dare da rana, da wutar da aka yi wa tanadin kada ta ɗauke ko na daƙiƙa. A ƙasar da kowa ya san halin NEPA, wannan alkawari shi ne hajar. Amfaninsa kuwa, bankin Legas ya daina ajiye bayanansa a Landan, saƙo tsakanin maƙwabta biyu ya daina zuwa Turai ya dawo. A shekarar ce kuma aka haɗa Kamaru da Legas ta wata wayar da ta taso daga Kribi, tare da MainOne. Rassan Dakar da Abijan suka biyo baya a 2019.

Kamfanin bai tsira daga abin kunya ba. Ranar 12 ga Nuwamba 2018, wani kuskuren saiti a na’urorin MainOne ya sanar da duniya cewa hanyar zuwa Google ta wurinsa ta bi. China Telecom ya ɗauki sanarwar ya yaɗa, sai zirga-zirgar masu neman Google daga wasu sassan duniya ta karkata ta Rasha da Sin, ta maƙale na tsawon minti 74. Da farko an yi zaton aikin leƙen asiri ne. Washegari MainOne ya fito ya ce kuskurensa ne, ya auku yayin sabunta na’urori. Amsa laifi cikin kwana ɗaya ba ɗabi’ar da aka saba gani ba ce a manyan ofisoshinmu, na gwamnati da na ’yan kasuwa.

A watan Disambar 2019 ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya naɗa ta shugabar kwamitin tsara shirin intanet mai sauri na ƙasa na 2020 zuwa 2025. Wadda ta shekara goma tana kuka da matsalar aka miƙa wa alƙalami. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin a watan Maris 2020, ana gab da kullen korona, lokacin da makaranta da ofis da kasuwa za su koma cikin waya. Burin a fili yake: saurin megabit 25 a birane da 10 a karkara, sabis ya kai ga kashi 90 cikin 100 na jama’a, masu amfani da shi su kai kashi 70, gigabait guda kuma kada ya wuce naira 390. A watannin da suka biyo baya wasu gwamnoni suka motsa. Ekiti ta sauko zuwa 145, Kaduna ta soke kuɗin gaba ɗaya, Katsina da Filato suka bi sahun masu ragi. Wasu da yawa ba su ko gyara zama ba.

Ranar 7 ga Disamba 2021 kamfanin Equinix na Amurka, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya a harkar cibiyoyin bayanai, ya sanar da sayen MainOne a kan dala miliyan 320, aka kammala cinikin a watan Afrilun 2022. An yi ta muhawara. Wasu suka yi murna cewa kamfanin da aka gina a Legas ya kai a zo daga Kalifoniya a saya. Wasu suka ce kadarar da jarin Afirka ya gina ta koma hannun baƙi. Masu lissafi kuma suka lura cewa 320 ba ta yi wa 240 wani nisa ba, bayan shekara goma sha ɗaya ana aiki ana ƙara gini. Duka ukun suna da gaskiya, sai dai akwai abin da ya kamata a ɗora a kan sikeli. Kamfanin da dala ya ci bashi, da naira yake karɓar mafi yawan kuɗinsa, naira kuwa daga wajen 150 a kan dala guda a 2010 ta haura 400 a 2021. Sannan ga Google da Facebook sun shigo fagen da nasu wayoyin, Equiano da 2Africa, masu ƙarfin da ya ninka na MainOne sau da yawa. Araha da ta kawo wa kasuwa ita ce ta rage darajar hajarta. Ribar aikin mafi tsoka ba a asusun masu hannun jari ta sauka ba, tana warwatse a aljihun duk wanda ya sayi data tun daga 2010.

Batun kasancewarta mace ba ya cikin abubuwan da ta mayar tuta, kuma tarihin aikinta bai buƙaci a yi masa wannan ado ba. Amma yana da kyau a lura da irin fagen da ta zaɓa. Inda aka fi jin sunayen mata a harkar fasaha shi ne talla, hulɗa da jama’a, ko manhaja. Ita kuwa ɓangaren jirgin ruwa da rami da janareta da rancen shekara goma ta shiga, wurin da a taron mutum talatin da ƙyar a ga ɗankwali biyu.

Ta ci gaba da jagorantar kamfanin a ƙarƙashin Equinix, kuma tana kan kujerar a ranar Alhamis ɗin nan ta azumi da wayarta ta katse tare da sauran ukun. Abin da ya hana Najeriya faɗawa irin duhun 2009 shi ne a wannan karon akwai wasu hanyoyin: Glo-1 ba ta katse ba, Equiano ma haka, aka karkata zirga-zirga ta kansu cikin ’yan kwanaki. A ƙarshen 2024 ta sauka daga shugabancin.

Shirin da kwamitinta ya tsara bai kai ga burinsa ba. A farkon 2025 masu intanet mai sauri ba su kai rabin jama’a ba, kuma a watan Janairun shekarar hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Bosun Tijani, matashin nan na Yaba, ya zama ministan sadarwa a 2023. A watan Mayun 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirinsa na binne ƙarin kilomita 90,000 na wayar gilashi a faɗin ƙasa, kusan ninki goma sha uku na tsawon wadda Funke ta ja daga Fotugal, kuma duk a kan tudu.